Farcen Mama Saratu da Mudun Acca

Duk yarinyar da ta shigo shagona neman koyon aikin farce, daga kallon da take yi wa kwalaben jel nake gane abin da ke ranta. Ta ga launuka a jere, ta ga fanka tana juyawa, ta gan ni zaune ina hira da kwastoma, sai ta yanke hukunci cewa wannan ba aiki ba ne, fenti ne a ɗan ƙaramin wuri. Wata ma a gabana ta ce wata ɗaya ya ishe ta, ai ta sha kallon yadda ake yi a waya. Na tambaye ta ko a wayar an taɓa nuna mata farcen bayan kwana biyar. Ba a nunawa. Ranar shafawa ake nunawa, hannu a kan farin tawul. Ba wanda ke ɗaukar hoton ranar da mai hannun ta dawo, jel ya ɗaga daga gefe, gashi yana maƙalewa a ciki, tuwon jiya ya samu wurin kwana a ƙarƙashi, tana tsaye a bakin ƙofa tana kiran sunanki har 'yan okadan tasha su juyo.

Shafawa kowa ya iya. Jikata mai shekara huɗu ma ta shafa wa ƙafar kujera, kuma ya yi kyau. Abin da ake biyanmu dominsa shi ne gefen nan ya zauna. Shekara ashirin da wani abu ina riƙe da hannun matan Kafanchan, amma ban san wannan da gaske ba sai da wata dattijuwa mai sayar da acca ta kusa sa ni rufe shago. Zan zo kanta, ku 'yan koyo dai ku bari in fara daga inda na fara.

A wajen Madam Kande na koya, a wani ɗan shago kusa da layin dogo. Lokacin babu jel, jan farce ne na kwalba da ake busarwa da mafici. Wata shida na farko ban taɓa hannun mutum ba. Madam Kande takan manna 'ya'yan kabewa a jikin kara, guda goma a jere, ta miƙo mini buroshi ta ce in shafa wa kowanne ba tare da jan ya taɓa karan ba. In ya taɓa ko a ɗaya, sai ta ɓalle duka goman ta ce in sake, ita kuma ta koma cin gyaɗarta. Abin ya shiga kaina har a coci, in Fasto ya ɗaga hannu zai sa albarka, ni faratansa nake kallo ina auna inda buroshi zai tsaya. Ranar da ta fara ba ni mutum, ƙanwarta ta ba ni, don in na ɓata ba mai kai ƙara. A lokacin na ɗauka mugunta ce zalla. Sai daga baya na gane abu ɗaya take koya mini, ja ya tsaya a kan farce kada ya hau fata.

Da jel ya shigo, na je Jos na yi sati biyu a wajen wata, na dawo da fitila a cikin bokiti, na rungume ta a mota kamar jariri. Shi jel ba ya bushewa da iska, sai an sa hannu cikin fitilar nan ya ƙanƙare. Kayan aikin ba su da yawa: ɗan tsinken tura fata, magogi, bafa, wato soso mai laushi na goge farce, sifirit, ƙyalle marar gashi, sai kwalabe uku, na ƙasa da na launi da na sama. Abin da nake nanata muku kullum kuna hamma shi ne, rabin aikin yana ƙarewa kafin a buɗe kwalba. Ba a jiƙa hannu. Farce yana shan ruwa ya kumbura, ki shafa a kansa, in ya bushe ya koma yadda yake jel ba ya binsa, sai gefe ya buɗe baki. Ki tura fatar gindin farce baya, ki kankare 'yar siririyar fatar da ke manne a kansa, wadda ido ba ya gani sai kin karkata hannun ga haske. Ki goge sheƙin da bafa a hankali, ba kankare tukunya aka sa ki ba. Ki kaɗe ƙura, ki goge da sifirit. Auduga kuma ki bar ta a kemis, gashinta ɗaya ya isa ya buɗe wa ruwa hanya.

Daga nan kwastoma ta zama fursuna. Ba ta taɓa fuska, ba ta taɓa gashi, ba ta ɗaukar waya, domin maiƙo ko na goshi ne jel ba ya zama a kansa. Ki shafa siriri-siriri, ki bar tazara kamar silin gashi tsakanin jel da fata, ki ja buroshi a bakin farcen ki rufe shi. In ya taɓa fata ki share kafin hannu ya shiga fitila. Babban yatsa kuma shi kaɗai ake sa shi, don in ya shiga da 'yan'uwansa kwanciya yake yi a gefe, haske ba ya samunsa.

Duk wannan na sani, kuma ina yi. Shi ya sa in farce ya ɗaga nakan tsare kwastoma da tambaya. Ba wadda ta taɓa amsa laifi. Malamar makaranta ta rantse ba ta yi komai ba, ga alli a ƙarƙashin farce. Ɗaliba ta ce haka kawai ya tashi, da na matsa sai ta tuna ta buɗe gwangwanin madara da shi. Wata daga Gwantu ta ce tana ganin sa hannun maƙiya ne, alhali ƙamshin kananzir yana tashi daga yatsunta. Na saba laifi na kwastoma ne, na saba da gaskiyata, har na fara jin kaina.

Sai shekarar da citta ta ruɓe a gona ta zo. Ku da ba ku noma kuna ganin citta ba ta shafe ku ba. A garin nan in citta ta yi kuɗi, har mai aikin farce sai ta ji a jikinta. In ta mutu kuwa, mata sai su tuna Allah ya ba su haƙora, su koma yanke farcensu kyauta. Akwai satin da mutum biyu kawai suka zauna a kujerata, ɗaya ma inuwa ta shigo sha. Jel ya fara kauri a kwalba. Maigidana, Baban Godiya, ya ce in sayar da fitilar in zuba gishiri da sabulu a shagon, ai su ba sa ɗagawa daga gefe. Na ji haushinsa ƙwarai, don na san gaskiya ya faɗa. Na ce masa ya ba ni zuwa Kirsimeti, in ba abin da ya canza zan kai fitilar kasuwa da hannuna.

Ana cikin haka, wata Litinin da safe aka ƙwanƙwasa ƙofar baya, ƙofar da ba mai bi sai ni in zan zubar da ruwa. Na buɗe, na ga Mama Saratu.

Mama Saratu ita ce shugabar zumuntar mata ta cocinmu. 'Yar Samaru Kataf ce, tana noma citta, tana kuma sayar da acca a kasuwa. Ita ta koya mini Sande sukul, kuma kunnena na hagu bai manta ta ba. Shekaru ta yi tana wa'azi a kan farce mai launi, har matan zumunta, su kusan sittin, ba wadda ke yarda a gan ta a ƙofar shagona. Amma a kasuwa ba mai hannu irin nata. In ta cika mudu ya yi tozo, sai ta ƙara cikin hannu ɗaya, wani lokaci biyu. Takan ce mai sayarwa ba gyara ba ya tsoron Allah. Saboda gyaran nan, ko wadda take jin haushinta wajenta take sayen acca.

Ta shigo ta rufe ƙofar da kanta, ta ja labule.

"Rifkatu, kin san Alheri auta na zai yi aure."

"Na sani, Mama. Allah ya sa albarka."

"Uwar yaron da zai aure ta ya zo daga Abuja gaisuwa. Ya miƙo mini hannu, na ga farce kamar na 'yar tsana. Ni kuma na ɓoye nawa cikin zani. Mai foto ya ce ranar wedin za a ɗauki hannun uwaye biyu a kan hannun yara. Hannu kaɗai, ba fuska."

Dariya tana kusa, amma kunnena yana tuna mini.

"Saura sati biyu. Ki yi mini na gwaji yau. In ya riƙe, da baki na zan gaya wa zumunta ba zunubi ba ne. In ya tashi, shi ma da baki na zan gaya musu."

Mata sittin, kowace da 'ya'ya da surukai. Na dubi fitilata, na dubi tsohuwar, na ja mata kujera.

Da ta ɗora hannu a kan tawul na yi mamaki. Laushi, sai sheƙi yake yi. Na ce a raina, ashe tsohuwar nan tana kula da jikinta. Na ɗauki tsinke na taɓa fatar gindin farcen, ta ce, "Kai!" Na ce, "Sori, Mama," na ajiye tsinken. Yaya za a yi in zauna ina kankare hannun matar da ta riƙe ni ranar baftisma? Na ɗan shafa sifirit sau ɗaya kamar mai lallashin ciwo, na buɗe kwalba. Ta zaɓi ja mai duhu, ruwan zoɓo. Na shafa siriri kamar kullum, na bar 'yar tazarata a gefe.

Ta ɗago hannun ta kai kusa da ido.

"Shi ke nan?"

"Za a sake wani a kai, Mama."

"Wannan ai ruwa-ruwa ne. Ina gyara?"

Ban taɓa jin an nemi gyara a kan farce ba. Amma ku faɗa mini, matar da ta shekara ashirin tana ƙara mini acca, da wane baki zan ce mata babu? Na tsoma buroshi na cika shi, na shimfiɗa mata.

"Nan gefe kin bar fili. Ni ne zan noma shi?"

Na cike filin har ya hau fata. Ya fito daga fitila da kauri da ƙyalli, ta juya hannun ta gyaɗa kai, ta naɗe shi cikin zani ta fita ta ƙofar baya. Na ji daɗi har na sayi kifi a hanyar gida.

Ranar Alhamis ta dawo. Ba ta gaishe ni ba. Ta kwance ƙulli a gefen hankici ta baje mini a tebur. Guda huɗu ne, jajaye, kowanne da siffar farce, kamar ɓawon wake.

"Wannan ɗaya a cikin acca na tsince shi. Da na auna wa mutum fa? Ya je gida ya ga farcen shugaban zumunta a cikin gwate?"

Na ce wuta ce ta yi ƙasa ranar Litinin, fitila ba ta yi ƙarfi ba. Ni kaina na yarda da maganar. Na tura aka sayo mai, na tayar da janareta, na cire sauran na fara sabo. Hannun nan dai ga shi da laushi da sheƙi kamar ranar farko. Tsinken kuma na sake gaishe shi daga nesa. Da ta ce gyara, na ƙara mata har fiye da wancan, don wannan na ban haƙuri ne. Na bar hannun a fitila ninki biyu.

Ranar Lahadi a coci ana waƙa kowa yana tafi, shugabar zumunta hannu cikin zani. Ana baiko ta miƙa nata da sauri kamar mai taɓa garwashi, amma na hango. Biyu sun tafi, ɗaya ya buɗe baki. Bayan sujada ta wuce ta kusa da ni ba ta juyo ba, ta ce, "Alhamis. Na ƙarshe."

Kwana uku ina bincike. Na gwada jel ɗin a kan hannuna, ya zauna. Na gwada fitila, lafiyarta lau. Na zargi citta, na zargi wankin acca, na zargi shekarunta. Baban Godiya ya fara auna bangon shagon da ido yana lissafin inda kantar sabulu za ta tsaya. Ranar Alhamis da sassafe na ce ba zan jira ta ba, zan je gidanta in ga abin da hannun nan ke yi in ba na wurin.

Na same ta a bayan madafi zaune a kan turmi, hannu biyu cikin kwanon ruwan ɗumi har wuyan hannu. A gefenta ga gwangwanin man kaɗanya a buɗe.

"Mama, me kike yi?"

Ta so ta ɓoye, amma ba inda za a ɓoye kwano.

"Ina shiri ne."

"Tun yaushe?"

"Tun da zakara ya yi cara."

"Ranar Litinin ma haka kika yi? Da Alhamis?"

"To yaya kike so? In kawo miki hannu kamar bayan doya, ke da na koya wa Sande sukul? Sai na jiƙa awa ɗaya, in shafa mai, a hanya ma ina ƙarawa."

Dariya ta taso mini, amma tausayi ya riga ta. Na durƙusa na ciro hannun daga ruwa na goge da zanina. Na dube shi da kyau. Tsaga a kowace gaɓa, tabon wuƙar fasa citta a babban yatsa, gefen farce ya yi kauri. Hannun da ya biya kuɗin makarantar yara biyar ke nan, kuma shi take jin kunyar nuna mini. Sai kunya ta kama ni nima. Ita ta kawo ruwa da mai don kada in raina ta, ni kuma na bar fata na tula mata jel don kada ta ce na raina ta. Ba wuta ba ce, ba citta ba ce. Mu biyu muka taru muka ɗaga farcen nan da ladabi.

Na ɗauke gwangwanin man na sa a jakata.

"Mama, ki bar shi ya bushe. Kada ki taɓa ruwa, kada ki taɓa mai. Ƙarfe biyu ki zo. Hannun gona nake so."

"Rifkatu, mai na ne kika ɗauka?"

"Ranar Litinin zan dawo da shi."

Ƙarfe biyu ta zo. Kafin ta zauna na tsaya a gabanta.

"Mama, a coci ke ce shugaba. A kan kujerar nan ni ce."

Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta zauna. Na fara da yanke faratan, na mai da su gajeru, don hannun da ke aiki in farce ya yi tsawo komai ya taɓa sai ya ɗaga bakinsa. Na ɗauki tsinke.

"Kai!"

"Yi haƙuri, ban gama ba."

"Kai, Rifkatu! Wato kunnenki kike ramawa."

Akwai dai 'yar gaskiya a ciki. Na tura fata, na kankare, matacciyar fata tana zuba kamar gari. Na goge sheƙi, na kaɗe, na wanke da sifirit har sau biyu saboda man da ya shiga ƙarƙashi. Faratan suka yi fari fat, babu kyan gani. Sai hancinta ya fara ƙaiƙayi. Ta ɗago hannu, na cafke.

"Hanci na ne!"

"Ina ne?"

"Hagu. Sama kaɗan."

Na sosa wa shugabar zumunta hanci da bayan buroshi. Wayarta ta yi ƙara, na kara mata a kunne, ta yi wa mai kawo kujerun biki faɗa da hannu biyu a shimfiɗe kamar mai karɓar albarka.

Na shafa na ƙasa, siriri har kamar ban shafa ba. Na rufe baki, na sa a fitila, babban yatsa daban. Na shafa launi na farko, ana hango farcen ta ciki.

"Ina gyara?"

"Babu."

"Me kika ce?"

"Babu gyara, Mama. In ya yi kauri, sama ne ke ƙanƙarewa, ciki ɗanye. Siriri-siriri shi ke riƙewa."

"Ga fili kin bari."

"Na bari. In ya hau fata, fata tana motsi, ta ɗaga shi."

"Uwarki ba marowaci ba ne. Ina kika koyo wannan hali?"

Buroshina dai bai ƙetare iyaka ba. 'Ya'yan kabewan Madam Kande kawai nake gani a gabana. Launi na biyu ya hau, zoɓon ya fito. Na rufe da na sama, na bi bakin kowane farce. Da muka gama ta duba gaba ta duba baya, ta ce bai kai na Litinin kyau ba. Ta fita ba sallama.

Ranar Jumma'a na je taya aikin biki, na tarar da ita a tsakar gida tana wanke accar da za a yi wa baƙi gwate. Ku kun san wankin acca, a cuɗa, a tsiyaye, a rairaye yashi, a sake. Baho uku. Ga mata sun fi ashirin suna roƙon ta bari su yi, ta ce ba wanda zai sa wa surukanta yashi a haƙori. Na tsaya ina kallon aikina yana nutsewa yana fitowa. Aka ba ni abinci na kasa ci.

Ranar Asabar mutane suna kallon amarya, ni hannun uwarta nake nema. Da mai foto ya kira iyaye, na kutsa har gaba kamar 'yar dangi. Mama Saratu ta zaro hannu daga cikin zani a hankali. Na ƙirga. Goma cif, kowanne a kwance, ba wanda ya buɗe baki. Uwar ango ta ɗora nata a kan hannun yaran, dogaye masu duwatsu. Mama Saratu ta ɗora nata a sama, ta baje yatsu. Ni kuwa idon sana'a ba ya hutu, na ga babban yatsan 'yar Abuja ya ɗan ɗaga a gefe. Ashe ba ni kaɗai na gani ba. Bayan an ɗauka, Mama Saratu ta riƙe yatsan ta duba, ta ce da ƙarfi, "Ayya, Madam, sun sa miki da kauri. Kafin ki koma ki je wajen yarinya na."

A taron zumunta na gaba ba ta yi dogon bayani ba. Ta ce ta bincika, in gajere ne kuma launin ba ya ihu, ba ta ga laifinsa ba, sannan ta ce a buɗe littafin waƙa. Amma ainihin tallan a kasuwa aka yi shi. Tun safe har yamma hannun nan yana shiga buhu yana fitowa, sati ɗaya, sati biyu, sati uku, zoɓon yana nan. Mata suka fara zuwa suna cewa a yi musu irin na mai acca. Wasu ta ƙofar baya, don sabo. Kirsimeti ya zo ban samu lokacin dafa shinkafa ba, Baban Godiya da kansa yake zuba wa janareta mai, bai sake maganar sabulu ba. Fitilar da kuke sa hannu a ciki yanzu, ita ce.

Shi ya sa in na ga ɗayanku ta cika buroshi don kwastoma babba ce, ko ta tsallake tsinke don matar Fasto ce ta zauna, nake buge hannun. Ladabi a gaisuwa ake yinsa, da ba da kujera da ruwan sha. In hannu ya hau tawul, ki yi aikinki.

Sati na huɗu bayan bikin na je kasuwa sayen acca. Na gaishe ta, ta amsa da fara'a, ta tambayi yara. Na ce mudu ɗaya. Ta tsoma mudun cikin buhu ta cika shi ya yi tozo. Na buɗe bakin leda ina murmushi, ina lissafin yau gyaran zai kai hannu uku. Ta dube ni. Sai ta miƙe yatsa ɗaya, da zoɓona a kansa ko ƙwarzane babu, ta share kan mudun tas, ya yi daidai da baki.

"Mama, gyara fa?"

"Siriri-siriri," ta ce, "shi ke riƙewa."

Ta juye mini a leda ta kira ta bayana, ta cika mata mudu ta ƙara hannu biyu. Har yau haka take auna mini.